Makaho a Matsayin Mai Unguwa: Yadda Wata Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo a Sakkwato Ta Sauya Tsarinta

Ƙungiyar da irin aikinta

Ƙungiyar ƙarama ce, ta samarin cikin garin Sakkwato, mafi yawansu daga Mabera da Runjin Sambo da unguwannin tsohon gari. Wasu ɗalibai ne a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wasu sun gama karatu suna jiran aiki. Akwai tela a cikinsu, akwai mai gyaran waya, akwai ɗan kabu-kabu. Ba fim suke yi ba. Wasan faɗakarwa suke yi a fili: harabar makaranta, bakin kasuwa, ko ƙofar gidan hakimi idan an fita ƙauye. Riga-kafin shan-inna, karatun 'ya'ya mata, shaye-shaye, tsaftar ruwan sha. In wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauki nauyi a samu ɗan alawus, in babu a yi karo-karo.

Zuwa ƙarshen 2022 su 18 ne, maza zalla in ban da 'yan mata biyu da kan leƙo jefi-jefi. Babu makaho, babu kurma, babu gurgu. Gwaji a wani ajin firamare ake yin sa bayan sallar magariba, da fitilar waya in babu wuta. Shugaba ya rubuta labari a takarda, a buga kwafi, kowa ya haddace nasa. In labari ya buƙaci mace, wani saurayi ya ɗaura zani ya yafa gyale ya maƙale murya. In ya buƙaci makaho, wani ya runtse ido ya ɗauki sanda da ƙoƙo. Babu wanda ya ga aibu a nan, domin da kwaikwayo aka tashi. Tun ana yara, da azumi ya kwana goma ake fita tashe ana kwaikwayon tsoho da malami da maharbi.

Fitowa biyu ne suka zama ba a raba wasansu da su. Ta farko makahon barkwanci, mai karo da bango, wanda yara ke sace wa ƙoƙo. Shi ke tara jama'a. Ta biyu gurgun wasan shan-inna, wanda ake shigowa da shi a ƙarshe yana jan ƙasa, don iyaye mata su tsorata su miƙa 'ya'yansu a ɗiga musu magani.

Mafarin matsala: Disamba 2022

An yi wasan a bakin wata kasuwa a cikin gari, kusa da masallacin da wasu makafi ke zama. Bayan an watse, yara suka ci gaba da wasan da kansu. Suka bi wani dattijo makaho suna fizge masa sanda suna maimaita kalaman da suka ji, kwana da kwanaki.

Saƙo ya zo daga sarkin makafin yankin. Shugaba da mutum uku suka je, suka durƙusa suka yi gaisuwa. Bai yi faɗa ba. Abin da ya ce musu kaɗan ne: “Ɗiyana, ku kun yi wasanku kun tahi gida. Mu anka bari da yara.”

A wurin akwai wani mai gyaran takalma da ke tafiya a keken guragu, wanda shan-inna ta kama tun yana jinjiri. Ya ce shi ma yana da magana. Yana da mata da 'ya'ya, dukkansu ya kai an yi musu riga-kafi, da guminsa yake ci da su. Amma duk wasan shan-innan da ya taɓa gani, gurgu abin tsoro ne da ake fito da shi a ƙarshe. Bai taɓa ganin gurgu mai sana'a ko mai iyali a dandalinsu ba.

Da aka koma aka zauna, kai ya rabu. Wasu suka ce wasa dai wasa ne, kuma in aka cire makahon an cire dariya. Hujjarsu ba ta banza ba ce: a bakin kasuwa babu tikiti, babu kujera, dariya ce kaɗai ke tsayar da mai wucewa. Wasu suka ce a ba da haƙuri a gyara. Aka tsaya a kan abu biyu: a daina wannan fitowa, kuma a gayyato masu buƙata ta musamman su shigo ƙungiya.

Yunƙurin farko: Janairu zuwa Maris 2023

Aka buga takardar sanarwa aka manna, aka sa a Facebook. Ba ta kawo kowa ba. Makaho ba ya karanta bango, kuma da yawa daga kuramen da ke aiki a kasuwa ba su yi nisa a boko ba. Sai da mai gyaran takalman ya yaɗa da baki sannan mutum bakwai suka zo a makon farko: makafi uku, guragu biyu, kurame biyu. Kafin mako na huɗu saura mutum ɗaya.

Babu wanda ya kore su, babu kuma wanda ya tambaye su dalili a lokacin. Daga baya aka ji. Ajin yana da matakala uku, dole gurgu ya bar kekensa a waje ya shiga da hannu a gaban samari. Makaho na buƙatar ɗan jagora, ɗan jagora kuwa yaro ne da ake nema a gida ko a makarantar allo da dare. Lokacin ya dace da ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, ɗan kabu-kabu kuma tsaba yake so. Labarin a takarda yake. Kuramen kan zauna awa guda suna kallon bakuna na motsi. Sannan babu wanda aka ba wani matsayi a wasa. Cewa aka yi su dinga kallo tukuna, har a samu wanda ya dace da su.

Wanda ya rage wani saurayi ne makaho da ya yi karatu a makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman. Gidansu na kusa, ya san hanyar da ƙafa. Cikin 'yan zama kaɗan ya haddace kalaman kowa da kunne, har ya zama in ɗan wasa ya manta shi ke tuna masa daga bayan aji. Aka yi ta mamaki ana yaba masa, aka bar zancen a nan. Azumi ya kama a 23 ga Maris, gwaji ya tsaya.

Yunƙuri na biyu: wasa na musamman, Yuni zuwa Disamba 2023

Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba da kuɗi a shirya wasa don 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Wannan karon akwai kuɗin mota, kuma ya zo a kan gaɓa, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu kuɗin hawa abin hawa ya tashi. Mutum tara suka zo. Shugaba ya rubuta labarin wani yaro makaho mai bara, wanda ya sha wuya har wani alhaji ya tausaya masa ya ɗauke shi. Aka ba saurayin nan matsayin yaron. Aka kama babban ɗakin taro, aka ɗauko tafinta.

Dandamalin ɗakin dogo ne. Ƙarti huɗu ne suka ciccibi kowane gurgu da kekensa suka ɗora, a idon mutane. Wannan kuwa saura 'yan makonni wa'adin da doka ta ɗiba ya cika. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar da keke zai bi.

Zancen tafinta ya fi ɗaure kai. Ƙwararre ne, amma maganar hannun da ya iya ta makaranta ce, wadda tushenta na Amurka ne, ta yaɗu a Najeriya tun bayan da Andrew Foster ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kuramen da suka tashi a kasuwa da tasha da wata daban suke magana, ta Hausawa, wadda ake koya a majalisar kurame daga manya zuwa ƙanana. Ɗaliban makaranta sun fahimce shi, magidantan kasuwa ba su fahimce shi ba. An kuma tsayar da shi can gefe inda haske bai kai ba, ga shi an fara bayan magariba. Kurma ya zaɓa, ko ya kalli wasa ko ya kalli tafinta.

A idon masu shiryawa an yi nasara. An yi hawaye, manyan baƙi sun tashi sun yi wa yaron makaho liƙi, an ɗauki hotuna. Da Janairu ya kama kuɗi sun ƙare, aka koma ajin firamare bayan magariba, ba a sake kiran kowa ba. Saurayin ma ya daina zuwa. Da shugaba ya je ya same shi, sai ya ce: “Yaya, ban taɓa bara ba tun da anka haihe ni, sai rannan, gaban manyan gari.”

Zaman azumi: Maris zuwa Afrilu 2024

Azumin 2024 ya kama a 11 ga Maris. Shugaba bai kira taro ba, shi ya tashi ya bi su. Aka dinga shan ruwa tare a rumfar mai gyaran takalma, da saurayin makaho, da wani matashi kurma tela wanda ya yi makaranta kuma yana zama majalisar kuramen kasuwa. Tambaya ɗaya aka yi musu: me ke hana ku? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk dalilan da aka zayyana a sama a wannan zaman suka fito, kuma daga bakinsu gyaran ya fito.

Aka tashi daga ajin aka koma filin wata Islamiyya, ƙasa shimfiɗe a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa kafin magariba. Wannan bai yi wa wasu daɗi ba. Ɗan kabu-kabu da mai gyaran waya lokacin cinikinsu ke nan, kuma tsofaffin mambobi uku suka fice. Aka yarda duk kuɗin da ya shigo, kuɗin motar makafi da 'yan jagoransu da guragu ake fara cirewa kafin alawus ɗin kowa. Aka naɗa mai gyaran takalman ma'aji, littafin kuɗi ya koma hannunsa. Labari ya fita daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun kwamitin mutum biyar, ciki da makaho da kurma, daga baya aka ƙara mace. Aka kuma kafa sharaɗi: mai ido ba zai sake fitowa a makaho ba, kuma ba za a ba mutum matsayi don larurarsa ba. Makaho na iya zama liman ko ɓarawo ko surukin da ba ya son biyan bashi.

Hanyar koyon wasa ita ta fi cin lokaci. Aka daina dogara da takarda. Kowace fitowa a naɗe ta da murya a waya, a tura ta WhatsApp, mai ƙaramar waya a sa masa a memori. Ashe masu idon ma sun fi saurin haddacewa da kunne. A fili kuma aka shimfiɗa tabarmi a matsayin iyakar dandali, aka ja igiya a ƙasa ta tsakiya, ta yadda ƙafar makaho ke gaya masa inda yake ba sai an riƙe masa hannu ba. Telan kurma ya kawo shawarar da ta sauya salon ƙungiyar gaba ɗaya: a fara gina kowace fitowa babu magana, da motsi kawai, sai wanda ba ya ji ya gane abin da ke faruwa sannan a ɗora kalamai. Shi ne kuma ya zama gada tsakanin maganar hannu biyun. Tafinta ya isar masa da ta makaranta, shi ya juya ta zuwa ta Hausawa. Don makafin da ke cikin 'yan kallo aka ƙirƙiro mai ba da labari, wanda ke faɗin wa ya shigo da abin da ke hannunsa, kamar yadda ake yi a wasan rediyo.

Mata sun shigo ta hanyar da ba a tsara ba. Da gwaji ya koma da rana a filin Islamiyya, babban uzurin iyaye ya faɗi. Wata hajiya, tsohuwar malamar makaranta a unguwar, ta karɓi matsayin uwar ƙungiya, ta bi gida-gida. Ga abin da take gaya wa iyaye maza: “Malam, ɗiyarka amana ta a hannuna. Ni ka zuwa da ita, ni ka maido ta kahin magariba.” A Sakkwato wannan tsari ba baƙo ba ne. Haka jajis ɗin Nana Asma'u, dattijan mata, suka riƙa jagorantar 'Yan Taru, wato mata ɗalibanta, daga ƙauyuka zuwa neman ilimi tun ƙarni na 19. An yi sharaɗin babu taɓa juna tsakanin mace da namiji a wasa, samari kuma suka ajiye zani da gyale. Mahaifiyar wata yarinya gurguwa ta ƙi da farko, tsoronta kada a mai da 'yarta abin dariya. Hajiya ba ta matsa ba, ta ce ta zo ta zauna ta gani. Ta zo ta zauna, sannan ta amince.

Wasan farko a sabon tsari: daminar 2024

Labarin a kan amai da gudawa ne, cutar da kan ɓarke da damina. Saurayin makaho ya fito a mai unguwa. Mai gyaran takalma ya fito a magidanci marowaci da ya ƙi sayen sabulu, ya ƙi rufe masai. Telan kurma ya fito a ɗan garuwa, shi kaɗai ya ga inda ƙazanta ke gangarawa cikin rijiya, yana ta nuni ana ture shi. Abokinsa a cikin wasan shi ke faɗa da baki abin da yake cewa da hannu, don haka fassara ta shige cikin labarin, ba ta tsaya a gefe ba. Yarinyar gurguwa ta fito a ma'aikaciyar asibiti mai koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari.

Wani daga cikin mambobi ya yi shakkar ko jama'a za su karɓi makaho a matsayin mai unguwa. Malamin Islamiyyar ne ya amsa masa, ya tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya riƙe Madina yana jan mutane salla idan an fita yaƙi. Gardamar ba ta sake tashi ba.

An koma bakin kasuwar da abin ya fara, bayan la'asar. Da keke ya shigo fili yara suka ɗauki ihu, wasu manya suka yi dariya. Ba a tsaya ba. Da marowacin ya fara lissafin kuɗin sabulu da yatsu yana rantsuwa matarsa na son ta talauta shi, dariyar ta koma kan rowarsa, ta zauna can. Mutane ba su watse ba sai da aka gama. Tangarɗa ɗaya aka samu: wani ya matsar da benci daga inda aka saba, mai unguwa ya yi tuntuɓe, irin tsohuwar dariyar ta dawo na ɗan lokaci. Tun daga ranar aka ɗora wa mutum ɗaya alhakin kayan dandali, babu mai taɓa komai sai shi.

Inda aka kai: tsakiyar 2025

Mambobi 24 ne, ciki da makafi huɗu, guragu uku, kurame biyu, mata bakwai waɗanda biyu daga cikinsu na cikin waɗancan. Ɗaya daga cikin ukun da suka fice ya dawo. Saurayin makaho shi ke horar da kowa a kan murya da fitar da kalma. Sarkin makafi ya aiko da jikansa ya shiga.

Akwai abin da bai gyaru ba. Fita ƙauye na wahala, motar haya ba ta da wurin keken guragu sai an ɗaure a sama, wani lokaci a bar mai shi a gida. 'Yan mata biyu sun yi aure sun daina zuwa. Wani mai ɗaukar nauyi ya nemi a saka fitowar ban-tausayi don hotuna, kwamiti ya ƙi, kuɗin suka tafi a watan da asusu ba komai. Kurma ɗaya ya fice.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina yunƙurin farko ya faɗi ne domin an gayyaci mutane ba a taɓa komai na ƙungiyar ba: wuri, lokaci, takarda, duk an yi su ne daidai da saurayi mai ido da ƙafa da kunne wanda dare ba ya hana shi fita. Na biyu ya fi na farko ciwo duk da ya fi shi kuɗi da tafi, domin an kawo su dandali amma wani ne ya rubuta musu ko su wane ne, kuma abin da ya rubuta bai wuce ƙoƙon bara ba. An sauya dariya da hawaye, matsayin mutumin yana nan inda yake.

Na uku ya tsaya da ƙafarsa saboda abubuwa biyu sun sauya hannu: littafin kuɗi da labari. Tun da ma'aji gurgu ne, kuɗin mota bai sake zama alfarmar da ake tunawa da ita in an samu rara ba. Tun da makaho da kurma na cikin masu ƙulla labari, ba sai an kafa dokar hana cin fuska kan kowace fitowa ba, ba ta ma isowa fili. Masu cewa dariya za ta mutu sun yi gaskiya cewa wasan kasuwa ba ya rayuwa sai da ita. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa daga jikin mutum kaɗai take fitowa. Rowa da gardama da son banza sun tsayar da 'yan kallo fiye da karo da bango. Kuma gyaran da aka yi don wasu ya amfani kowa: ginin fitowa da motsi ya sa wanda ke can baya, inda lasifika ba ta kai ba, yana bin labarin, komawa rana kuma ita ta kawo mata.

Inda nake ganin ƙungiyar ta gaza har yanzu shi ne wajen kurame. A dandali an ba su wuri, a taron kwamiti ba a ba su ba. Da baki ake gardama, mutum uku na magana lokaci guda, kafin telan ya gane abin da ake ciki an yanke shawara. Wanda ya fice wannan ne dalilinsa, kuma ya faɗa. Tafinta na zuwa ne don Allah, ranar da yake da uzuri babu madadinsa. An kawo shawarar a riƙa cire ladansa tun farko tare da kuɗin mota, a kuma ware rabin awa kowace Asabar telan ya koya wa sauran mambobi maganar hannu. An fara darasin. Zancen ladan kuwa ma'aji ya duba littafinsa ya ce abin da ke shigowa ba zai ɗauki biyun ba, sai in masu alawus sun yarda a rage nasu, kuma har yanzu ba su amsa ba.